FASHIN BAƘI: Harsashin ɓauna da harsashin soja: yadda doka da daji suka yi wa maharbin Jibiya zaɓi

A watan Agusta na 2021, Gwamnan Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya je Jibiya ta'aziyyar mutanen da motar jami'an kwastam ta take a cikin gari. A wannan ziyara ce ya faɗi maganar da ta karaɗe ƙasar nan, cewa mutanen da 'yan bindiga suka addaba su tashi su nemi makami su kare kansu. An daɗe ana ka-ce-na-ce. Wasu na ganin gwamna ya faɗi gaskiya mai ɗaci, wasu na cewa gwamnati ta sauke kayan da ke kanta ta aza wa talaka. Amma mahawarar ta tsallake tambayar da duk wanda ya san bindiga zai fara yi: wace iri ce, kuma wane harsashi take ci?

A wasu ƙasashen Afirka wannan tambaya ta maharba ce. Wanda zai shiga daji neman ɓauna a Tanzaniya ko Zimbabuwe yakan yi watanni yana auna wane harsashi zai ɗauka, an kuma rubuta littattafai masu kauri a kan batun, musamman kan rukunin da ake kira matsakaicin baki. Maharbin Jibiya bai da wannan sararin. An riga an ba da amsa a madadinsa, rabi a cikin jadawalin wata doka da ta girmi 'yancin kan Najeriya, rabi a cikin dajin da namansa ya ƙare. Wanda ya fahimci yadda ake zaɓen harsashin farauta zai fi gane abin da ake nufi duk lokacin da wani ɗan siyasa ya sake cewa a bar jama'a su riƙe bindiga.

Abin da lambobin ke faɗa

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso na ƙarfe ko tagulla, albarushi a cikinsa, ɗan maƙyasti a gindi wanda allurar bindiga ke duka ya ta da wuta, sai ƙwayar da ke fita ta baki. Lambobin da ake kiran harsashi da su awo ne. In an ce 7.62x39, wato harsashin AK-47, lambar farko faɗin ramin bututun bindigar ce a milimita, ta biyu kuma tsawon kwanson. Turawan Ingila da Amurka da inci suke awo, shi ya sa ake jin .375, wanda ya yi daidai da milimita 9.5. Wani sunan ma tarihi ne: a .30-06, talatin ɗin faɗin baki ne, 06 kuwa shekarar 1906 ce da sojan Amurka suka karɓe shi.

Faɗin baki shi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Harsashin AK da .308 Winchester da .30-06 duk bakinsu milimita 7.62 ne, sai dai kwanson na farko milimita 39 ne, na biyu 51, na uku 63. Tsawon kwanso na nufin yawan albarushi. Ƙwayar AK nauyinta kamar giram 8 ne, tana fita da gudun mita 715 ko makamancin haka a daƙiƙa ɗaya, ƙarfin dukanta a bakin bindiga kusan jul 2,000 ne a ma'aunin da masana kimiyya ke amfani da shi. Ƙwayar .30-06 mai giram 11.7 na kaiwa kusan jul 3,900. Baki ɗaya, ƙarfi ninki biyu.

Duk wannan lissafi na bindigar raifil ne, mai tsaga a murɗe a cikin bututunta, wadda ke sa ƙwaya juyawa ta tafi sak har nesa. Bindigar harbin tsuntsaye, mai baki ɗaya ko biyu, cikinta sumul yake, ƙananan duwatsun darma take watsawa, kuma da zarar an wuce mita 40 zuwa 50 aikinta ya yi rauni. Adaka, wadda maƙera ke ƙerawa ana ɗura mata albarushi ta baki, ita ma a wannan dangi take, ga shi harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri. Sunan da aka laƙaba mata na harba-ka-ruga ya isa bayani.

Rabon raifil zuwa ƙarami da matsakaici da babba ya yi fice ne ta hannun wani maharbin giwa ɗan Ayalan, John Taylor, wanda ake yi wa laƙabi da Pondoro, a littafinsa na 1948 kan bindigogin farauta a Afirka. A lissafinsa matsakaicin baki ya tashi daga .318 zuwa .375, wato kamar milimita 8 zuwa 9.5. Maharban yau sun ɗan sassauta, da yawa na sa dangin milimita 7 da 7.62 a ciki.

Yadda maharbi ke zaɓe

Abu na farko da ake dubawa shi ne dabbar. Gada ba ta wuce kilo 20 ba, barewa kamar 25 zuwa 30. Gwanki kan kai kilo 250 har 300, ɓauna ta haura 400, toron giwa kuwa ana maganar tan biyar zuwa shida. Bambancin bai tsaya ga nauyi ba. Akwai kaurin fata, akwai ƙashin kafaɗa da haƙarƙarin da ke kare zuciya da huhu, akwai kuma hali. Gwankin da aka raunata yakan gudu. Ɓaunar da aka raunata takan shige duhuwa ta laɓe, ta jira mai bin sawunta.

Saboda haka abin da ake nema a harsashi shi ne ya huda ya kai ga zuciya ko huhu ko da ya ci karo da ƙashi, ya kashe nan take. Gudu kaɗai ba ya yin wannan aiki. Ƙwaya mara nauyi mai tsananin gudu takan tarwatse a kafaɗa, ta bar mummunan rauni a waje, dabbar ta tafi da shi ta mutu bayan kwanaki. Ƙwaya mai nauyi da tsawo idan an gwada da faɗinta, mai matsakaicin gudu, ita ke nitsewa. Maharbin gargajiya ya san wannan tun kafin a ƙera raifil: kibiyar da ake harbin zomo da ita daban, wadda ake tanada wa babban nama daban, kuma Sarkin Baka ba ya barin yaro ya tunkari abin da makaminsa bai kai ba.

Sai ƙirar ƙwayar kanta, kuma a nan ne harsashin farauta da na yaƙi suka raba hanya. Ƙwayar farauta ana barin kanta da laushi don ta buɗe kamar laima idan ta shiga jiki, ta yi faffaɗan rauni, jini ya zuba da sauri. A Ingila doka ce ma ta wajabta irin wannan ƙwaya ga mai harbin barewa. Ƙwayar soja kuwa an lulluɓe ta da ƙarfe har kai, domin yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana amfani da mai buɗewa a yaƙi tsakanin ƙasashen da suka amince da ita. Abin da aka haramta a kan mutum saboda muninsa, shi aka wajabta a kan dabba don rage mata azaba. Giwa da dorina ne suka fita daban, su ana yi musu ƙwaya daskararriya wadda ba ta buɗewa, saboda kaurin ƙashi da fatar da za ta ratsa.

Na uku shi ne kafaɗar mai harbi. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba yana turo bindiga baya. Shurin .375 ya kusan ninka na .30-06, na manyan baki irin .470 kuma ya fi haka nesa. Mutumin da ke tsoron shurin bindigarsa yakan runtse ido ya fizgi kunama, harbi ya kauce. Wannan ne sirrin farin jinin matsakaicin baki: ƙarfinsa ya ishi babban nama, kuma mutum mai matsakaicin jiki zai iya harba shi daidai.

Harsasai biyu ne suka zama zakaru a wannan rukuni, dukansu 'ya'yan zamanin mulkin mallaka ne. A 1905 wani maƙerin bindiga na Balin, Otto Bock, ya fito da 9.3x62 domin Jamusawan da suka zauna a yankunan da ƙasarsu ta mallaka a Afirka, manoma masu buƙatar bindiga ɗaya mai araha da za ta kawo naman miya ta kuma kori abin da ke ɓarna a gona. Ƙwayarsa giram 18.5, gudunta kamar mita 720 a daƙiƙa, ƙarfi kusan jul 4,800. Shekara bakwai bayan haka, a 1912, kamfanin Holland & Holland na Landan ya amsa da .375 H&H Magnum, mai ƙwayar giram 19.4 da ƙarfin da ya haura jul 5,500. Sama da shekara ɗari ke nan ba a ture su ba.

Ƙasashen da ke cin kuɗin farauta sun mayar da wannan ilimi doka. Tanzaniya ba ta yarda a tunkari nama mai haɗari da abin da ya gaza .375 ba. Zimbabuwe ta gindaya faɗin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 ga giwa da ɓauna da dorina. Namibiya ta sa jul 5,400 ga irin waɗannan, ta rage ga ƙananan namun daji. Manufar ita ce kada a bar rauni yana yawo a daji.

Masu musu kan kawo labarin Walter Bell, ɗan Sikotlan da ake kira Karamojo, wanda ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarnin da ya wuce, kusan 800 daga ciki da ɗan ƙaramin harsashi mai milimita 7. Gaskiya ne. Sai dai Bell yakan tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto don ya san ainihin inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, kuma yana matsawa kusa ƙwarai kafin ya harba. Darasin labarinsa shi ne inda ƙwaya ta sauka ya fi girmanta muhimmanci. Ɗaya darasin, wanda masu yabonsa ba su cika ambata ba, shi ne yadda mutum ɗaya da bindiga ɗaya ya isa ya share garke bayan garke saboda haure.

Ga maharbi Musulmi akwai ƙarin dalili. Malaman Malikiyya sun halatta farauta don abinci sun karhanta ta nishaɗi, sun kuma yi dogon bayani kan dabbar da aka harba ta ɓace ta kwana a daji kafin a tsince ta a mace, inda da yawansu suka hana cin ta. Harbin da bai kashe ba asara ce ta kowace fuska.

Jadawalin da ya yanke hukunci

Yanzu a dawo gida. Dokar Bindigogi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi gida uku a jadawalin da ke ƙarshenta. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa: igwa, roka, bama-bamai, mashinga, fistol kowace iri, da raifil ɗin soja. Dokar ta fayyace abin da take nufi da raifil ɗin soja da lambobi huɗu: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Kashi na biyu bindigogin da mutum zai iya mallaka ne da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda: bindigar harbin tsuntsaye wadda ba ta ɗora wa kanta harsashi, bindigar iska, da raifil ɗin farauta, wanda dokar ta ce shi ne duk mai faɗin bakin da ba ya cikin waɗancan huɗun. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da shawarar gwamna, ke da ikon tsara lasisinsu.

Idan aka ɗora wannan jadawali a kan abin da ya gabata, sai wani abin mamaki ya bayyana. Harsasan da suka fi yawa a hannun maharban duniya, .30-06 da .308 da tsohon .303, duk sun faɗa cikin lambobin da aka haramta. Amma 9.3x62 da .375, waɗanda suka fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, ba sa cikin jerin, don haka a rubuce suna kashi na biyu. Bindigar da za ta kayar da giwa lasisin ɗan sanda take buƙata, wadda ba ta kai ta ba kuma sai an je fadar Shugaban Ƙasa.

Ba kuskuren alƙalami ba ne. Dokar ba ƙarfin harsashi take aunawa ba, mai shi take dubawa. Harsashin .303 shi ne na sojan Birtaniya tun ƙarshen shekarun 1880, shi tsofaffin sojojinmu suka harba a yaƙin Boma, shi kuma 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna ɗauka a bindigar Lee-Enfield. Milimita 7.62 shi ne na bindigogin da suka gaje ta, FN da G3 da AK. Ma'anar a fili take: kada farar hula ya mallaki bindigar da harsashin bariki zai shiga cikinta, domin in ya mallaka, duk harsashin da ya sulale daga rumbun gwamnati ya sami kasuwa.

Wannan tunani ya girmi Najeriya. Yarjejeniyar Birasils ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani ga 'yan Afirka a faɗin yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa kawai. Jibiya na kusa da digiri 13, a cikin yankin. A 1907 Birtaniya ta hana harsashin .450 a Indiya da Sudan don kada masu tawaye su amfana da shi, maƙeran Landan suka amsa da ƙirƙiro .470. Faransa ma har zuwa 2013 ba ta barin maharbanta su yi amfani da .308 da .30-06 saboda na soja ne, shi ya sa suka rungumi 7x64. Bambancin shi ne Faransa ta sake duba dokarta da zamani ya canja.

Akwai wani saƙo a jadawalin da ya shafi muhawarar yau kai tsaye. Bindigar da ake kira fom-akshin, wadda ake jan hannunta baya da gaba don ɗora sabon harsashi, ita ce aka fi gani a hannun 'yan sintiri da masu gadin unguwanni. Dokar ta cire duk bindigar harbin tsuntsaye mai na'urar ɗora harsashi daga kashi na biyu, abin da bai shiga na biyu ko na uku ba kuma na farko ne. A 2017 kaɗai hukumar kwastam ta kama irin wannan bindiga guda 2,671 a Legas, a kamu huɗu. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Na kashi na biyu bai wuce shekara biyar ba. Na adaka kuwa tarar naira 1,000 ko shekara biyu ko duka biyun.

Ƙofar kashi na biyun ma a rufe take. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar cewa 'yan sanda sun dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai saboda yawaitarsu a ƙasa. Kafin nan, a watan Yuni na 2022, gwamnatin Zamfara ta umarci jama'arta su nemi lasisi, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A bisa nassin doka, kan kashi na farko da na biyu, janar ɗin ne da gaskiya. Gwamna na iya kira, amma mabuɗin na Abuja.

Ina naman yake?

Ko da an buɗe ƙofar gobe, sai a tambayi abin da za a harba. Dajin Rugu, wanda ya miƙe ta yammacin Katsina ta Batsari da Safana da Ɗanmusa ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, a da dajin manyan namun daji ne. A tsallaken iyaka, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, akwai dajin Baban Rafi, inda har shekarun 1990 garken giwaye ke kai-komo tsakaninsa da ɓangaren Najeriya. Yau babu su. Fari, saran itace, faɗaɗa gonaki, yawan dabbobin kiwo da harbin da ba ƙa'ida sun haɗu sun cinye su. Abin da ya rage wa mai fita farauta da karnuka bayan kaka shi ne zomo da zabo da fakara, in an yi sa'a gada. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar raifil.

A duk faɗin Najeriya giwayen da suka rage, bisa ƙiyasin da gwamnati ta fitar a 2024, tsakanin 300 ne zuwa 400, mafi shahara a cikinsu na Yankari a jihar Bauci, kuma dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta haramta harbinsu. A Nijar, dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 ta ba manyan namun daji da dama cikakkiyar kariya. Raƙuman dawan Kure da ke kusa da Yamai sun ragu zuwa 49 a 1996, kariya ta sa suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi. Babban naman dawan da ya dawo wannan yanki a cikin mota aka kawo shi, da masu gadi.

Wuraren da aka ci gaba da farautar ɓauna da gwanki bisa lasisi a wannan sashe na nahiyar su ne arewacin Kamaru da arewacin Binin da gabashin Burkina Faso, kuma yawancin masu zuwa baƙi ne daga Turai da Amurka. Na Burkina ya durƙushe da masu iƙirarin jihadi suka mamaye dazuzzukan. A Kamaru kuwa, a farkon 2012, wasu mahara a kan dawakai sun shiga gandun Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni, da bindigogin yaƙi. Harsashin AK bai kai rabin ƙarfin da Zimbabuwe ta gindaya wa giwa ba, ƙwayarsa ba ta farauta ba ce, saboda haka ruwan wuta ake yi wa garke gaba ɗaya, manya da 'ya'ya, waɗanda suka tsere da rauni su mutu a hanya.

Harsashin da ke cikin dajin

Wannan harsashi, 7.62x39, Tarayyar Sobiyet ce ta ƙera shi a 1943. An rage masa albarushi da gangan don soja ya iya ɗaukar da yawa ya kuma riƙe bindiga tana aman wuta. An auna shi da jikin mutum ne a tazarar mita 300. Gidan harsashin AK na cin 30. Wanda ke tsaye da bindigar harbin tsuntsaye a bakin gari, ko ɗan tauri da adakarsa, sai maharin ya matso mita 50 kafin makaminsa ya yi tasiri, alhali shi maharin ba ya buƙatar matsowa. Wannan giɓi na tazara ne ke bayan ƙorafin gwamnoni. A 2022 marigayi Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi zargin an ba jami'an tsaron Katsina izinin riƙe AK-47 an hana Amotekun, fadar Shugaban Ƙasa ta musanta cewa an ba wata jiha. Da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a watan Oktoba na 2023 da matasa kusan 1,500, jadawalin nan dai shi ne bangon da aka tarar.

Lambar da doka ta fi tsarewa ita ta fi yawa a daji. A watan Janairun 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research, mai bin sawun makamai ta lambobin da ke jikinsu, ta fitar da rahoto kan bindigogi 148 da aka kama a Katsina da Kaduna da Zamfara. Ta tarar da ƙirar gida masu yawa, ta kuma gano waɗanda suka fito daga rumbunan sojan Kwaddibuwa, da na Libiya, da na jami'an tsaron Najeriya kansu, sai fom-akshin ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta ruwa. Ke nan ba ta ƙofa ɗaya suke zuwa ba, kuma dora laifin duka a kan iyakar Nijar rabin labari ne.

Tarihin kan iyakar Magama ma ya nuna haka. An rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka buɗe a Maris na 2024. A tsawon waɗannan shekaru kasuwar Jibiya ta yi sanyi, masu lodi da direbobin hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi sun rasa abin yi, farashin abinci ya tashi, amma harbi bai tsaya a ƙauyuka ba. Shinge kan tare tirela. Harsashin AK ɗaya nauyinsa bai kai giram 20 ba, kuma sau da dama 'yan sanda a Katsina da maƙwabtanta na baje kolin waɗanda aka kama da ɗaruruwansa a ɓoye cikin kayan abinci. Masu nazarin makamai kan ce bindiga na iya shekara hamsin tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi, don haka wanda ke son kashe wutar nan gara ya bi sawun harsashi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta tanadi sa alama da musayar bayanai tsakanin ƙasashe, sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Maharbi na gaskiya shi ya fi kowa cutuwa da wannan ruɗani. A idon wanda bai san bambanci ba, bindiga bindiga ce. A ƙarshen watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su gida hutun Sallah, aka ga adaka a cikin kayansu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Bindigogin da aka kashe su a kansu na kashi na uku ne, mafi rauni a jadawalin, irin waɗanda tun 1890 Turawa ba su ga dalilin hanawa ba.

A farkon 2025 shugabannin al'umma a Jibiya sun ƙulla sulhu da jagororin 'yan bindigar yankin, wasu ƙananan hukumomin Katsina suka bi sahu a watannin da suka biyo baya. Hanyoyi sun buɗe, manoma da dama sun koma gonakin da suka bari. A hotunan tarukan sulhun da suka yaɗu a Facebook da TikTok, ana ganin dattawan gari da jami'an ƙaramar hukuma zaune a kan kujeru, a gefensu kuma mutanen daji rataye da AK, wasu da jigidar harsashi a ƙirji.